Kat-kat Mai Giyar Hannu: Ta Bakin Teku Ko Ta Gida?

Duk wanda sana'arsa ke raba shi da kwalta a ƙasar Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san abin da ke sa mutum ya ƙi ƙaramar mota mai kyan gani, ya nace sai kat-kat. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi da Ƙonni da Tsarnawa da Galmi ta nufi Madawa, kowace mota na iya bin ta. Haka ma reshen da ya ɓalle daga Tsarnawa ya bi ta Badagishiri zuwa Tawa. Sai dai jama'a ba duka ke zaune a bakin waɗannan hanyoyi biyu ba. Akwai ƙauyukan kwarin Magiya, inda damina ke mai da hanya taɓo mai riƙe taya. Akwai tudun Adar da duwatsunsa masu cin ƙasan mota, ga rairayi, ga ƙoramun da ke cika cikin sa'a guda su raba gari da gari. Ɗan kasuwar albasa mai bin gonakin fadama, da ma'aikacin lafiya mai zagayen rigakafi, da mai fataucin bisashe, da wanda ya bar tsofaffi a ƙauye kuma kowane lokaci ana iya kiransa a kai su asibitin Galmi, duk mota mai tsayi suke so, wadda tayoyinta huɗu ke ja.

Mafi yawansu kuma mai giyar hannu suke nema, dalilansu kuwa na aiki ne. Batir in ya yi sanyi a daji, samari huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Mai otomatik sai a zauna jiran wata mota. Farantin kuloci in ya cinye, garejin gari zai sauke giyabos ya canza shi cikin wuni ɗaya ko biyu, kayan kuma ba sa wuyar samu a Ƙonni ko Sakkwato. Giyar otomatik in ta fara ciwo masu iya buɗe ta kaɗan ne, sau da yawa ma wata ake nema a ɗora. Ga zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, mai dafa man giya idan mota ta daɗe tana fama cikin rairayi da kaya a baya. Otomatik mai lafiya tana da daɗinta, a rairayi ma takan fi sauƙi ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Amma mai sayen tsohuwar mota ranar ciwonta yake lissafawa.

Irin wannan mota fa ƙaranci take yi a duniya. A Amurka, inda motocin hannu da yawa na Afirka ta Yamma ke fitowa, sababbin motoci masu giyar hannu ba su kai 3 cikin 100 ba. Toyota Highlander da ta cika titunan Najeriya ba a taɓa ƙera ta da giyar hannu ba, RAV4 ɗin kasuwar Amurka kuwa tun samfurin 2006 otomatik ce zalla. Na Japan sitiyarinsu a dama yake. Saura Turai da ƙasashen Larabawa, kuma Turan ma kullum komawa otomatik take yi. Shi ya sa mai nema kan ji kamar in ya bari wannan ta wuce ba zai ga wata ba, gaggawa kuwa ita ce babbar abokiyar gabar mai saye.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko ya aika kuɗinsa bakin teku, Kwatano ko Lome, wurin dilan da bai sani ba sai a waya. Ko ya nemi wadda ta riga ta shigo ta sha ƙurar ƙasar nan, a Ƙonni ko Tawa ko Maraɗi, ko ya tsallaka Sakkwato.

Ƙonni ba baƙuwar ciniki da bakin teku ba ce. Shekaru da yawa motocin da aka sauke a Kwatano da takardar wucewa sukan hauro ta Faraku da Kandi, su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, su biyo Doso da Dogon Dutsi, su yada zango a Ƙonni kafin a shigar da su Najeriya ta Illelar Sakkwato. Da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, cinikin ya ja baya. Duk da haka ya bar wa garin dillalai da masu fitar da takardu da direbobin da suka san hanyar kamar yunwar cikinsu. Saboda haka in aka ce wa mutumin Gidan Idar ko Dogarawa a kawo masa mota daga teku, ba tatsuniya aka yi masa ba; ya ga an kawo wa wasu, sun kuma ji daɗi.

Bakin teku yana da abin da gida ba shi da shi, babba a ciki shi ne yawa. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. A filayen motoci na gabashin Kwatano, kan hanyar Seme, ko na kusa da tashar jiragen ruwan Lome, mutum na iya ganin iri ɗaya jere ya zaɓa, alhali a Ƙonni sai ya yi watanni bai ji labarin mai giyar hannu guda da za a sayar ba. Sannan motar da aka tattaro a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels aka loda a jirgi a Antwerp, a kan kwalta ta yi rayuwarta. Ba ta taɓa ɗaukar buhunan albasa a rufinta ba, ba ta sha man jarka ba, ba a ɗaure mata wayar wuta da leda ba. Ƙafafunta ba su gaji ba, ƙofofinta na rufuwa da kyau. Wanda ya dace da ta ƙwarai yakan daɗe bai san ƙofar gareji ba in ban da juyen baƙin mai. Kuɗin ma iri ɗaya ne: sefar da ke aljihun mutumin Malbaza ita ake karɓa a Kwatano da Lome, don haka canji ba ya cin ciniki tsakanin sallamawa da biya.

Rahoton nan dai shi ne ya kawo binciken da ƙasar Holan ta yi a kan motocin da ke fita daga tasharta, inda aka tarar yawancinsu sun yi shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki lokacin da aka loda su. Ke nan yawan ya haɗa da na ƙwarai da waɗanda masu su suka gaji da gyara.

Yadda cinikin ke tafiya a yau kowa ya sani. Dila ya turo hotuna ta WhatsApp, gaba da baya da ciki, ya biyo da bidiyo: an tayar da inji, an buɗe bonet, an haska agogon kilomita. Sai muryarsa: “Alhaji, wannan ba ta da matsala ko ɗaya, hannu ɗaya ce, jiya ta sauka. Akwai mutum biyu a kanta, in kana so ka turo kafin alƙawari yau.” Mai saye ya nuna wa abokan hira, kowa ya yaba fenti, ya tashi ya je Nita ko Al Izza ya tura kuɗi. Ba na cewa dilan maƙaryaci ne. Sau da yawa shi ma iyakar saninsa ke nan, don daga jirgi aka gangaro da ita zuwa fili, bai taɓa hawa hanya da ita ba.

A nan ne giyar hannu ta sha bamban da komai na jikin mota. Abin da ya sa ake son ta, wato kuloci da giyabos, shi ne daidai abin da waya ba ta nunawa. Ana cewa gani ya kori ji, to a sha'anin kuloci ganin ma bai isa ba, sai ƙafa ta taka. Ƙafa ce ke sanin inda kuloci ke kamawa: in sai an kusa sake shi gaba ɗaya mota ke motsawa, farantin ya kusa ƙarewa. Ana hawa kwalta a sa giya ta huɗu ko ta biyar cikin ƙaramin gudu a danne totur. In inji ya ɗauki kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na sulɓi. Hannu ne ke jin giya ta biyu tana gurzawa da sassafe kafin mai ya yi zafi, alamar zobban da ke daidaita haƙora sun cinye. Akwai giyar da ke fita da kanta in an ɗaga ƙafa daga totur a gangara, wannan sai an yi tafiya ake gane ta. Akwai kukan da ke tashi in an taka kuloci ya ɗauke in an saki, da kaɗawar da ake ji lokacin kashe inji. Bidiyon minti biyu na mota a tsaye ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Agogon kilomita ma ba shaida ba ne, tunda ana mai da shi baya. Har Beljiyam ta kai ga tilasta wa mai sayar da tsohuwar mota ya ba mai saye takardar tarihin kilomitanta tun 2006, takardar da ba kasafai take biyo mota zuwa Afirka ba. Roban da ke kan abin taka kuloci, da santsin kan sandan giya, da lotsawar kujerar direba sun fi agogon faɗin gaskiya, su kuma ba su ake ɗauka hoto ba.

Akwai wani tarko da ya shafi mai neman giyar hannu musamman. Kat-kat ɗin Turai masu giyar hannu galibinsu na gazuwal ne, kuma gazuwal na zamani. RAV4 mai injin D-4D, alal misali, nozulolinta suna aiki da matsi mai tsanani, ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa a cikin mai ya isa ya lalata su, gyaransu kuma ba na gindin bishiya ba ne. Waɗanda aka ƙera daga wajen 2010 suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa in mai ba shi da tsabta. Da yawansu fulawil ɗinsu mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, ba dunƙulen ƙarfe irin na da ba; in ya gaji tare da kuloci ake canza shi, tsadarsa kuma ta ninka ta farantin. Mutum ya guji otomatik don gudun gyara mai wuya, sai ya sayo wani gyaran mai wuya da kuɗinsa. Ga tsatsa: ƙasashen sanyi suna barbaɗa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin nan yana cin shasi da bututun birki daga ƙasa, saman mota kuwa na ƙyalli. Sannan ba kowace doguwar mota ce kat-kat ba. Akwai RAV4 da CR-V da aka ƙera su tun asali da jan taya biyu, akwai kuma waɗanda aka cire wa furofelar baya don a rufe wani ciwo. Mai ita ba zai sani ba sai ranar da ya kafe a taɓon Magiya, tayoyin gaba na juyawa, na baya na kallo.

Sai hanya, wadda ta canza lissafin gaba ɗaya. A da daga Kwatano zuwa Ƙonni ta Gaya tafiyar kilomita 1,100 da ɗoriya ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar. Fatake suka koma bin Lome, su haura arewacin Togo, su ratsa Burkina Faso ta Wagadugu da Dori, su shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji saboda ƴan bindiga. Kafin mota ta iso Ƙonni ta wannan hanya ta kusa cin kilomita 2,000, ban da zaman jiran ayari. Ko a bisa babbar mota aka ɗoro ta, ko wani yaro ne ya tuƙo ta, kuɗin ya ƙaru, lokacin ya tsawaita. In tuƙo ta aka yi, wanda ba ka sani ba ne ya yi ta tsayawa da tashi da ita cikin layi mai tsawo, ƙafarsa a kan kuloci. Batir da safayar taya da jak da aka gani a hoto ba lallai su ne za su iso ba. In ta iso da ciwo, dila zai ce lafiya lau ta bar hannunsa, direba zai ce haka ya karɓe ta, kuma kowannensu na iya zama mai gaskiya a iya saninsa. Bayan haka ga duwan, ga kart giriz, ga inshora, waɗanda mai hangen farashin hoto kan manta da su.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tauna wannan magana. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta fiye da shekara 1,000 da suka wuce kuma har yau ake karantawa a zaurukan Ƙonni da Sakkwato, an halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa. Abin da aka hana shi ne a shardanta biyan kuɗin tun kafin a gani, sai fa in abin yana kusa, ko kuwa irin wanda ba a tsoron ya canza ne, kamar gida ko fili. Hikimar a fili take: abin da ke nesa kuma yake iya canzawa a hanya, haɗarinsa bai kamata ya hau kan wanda bai riƙe shi ba tukuna. Mota kuwa ba gida ba ce. Cinikin waya na yau ya juya wannan tsari: kuɗi ne ke fara tafiya, mota ta biyo baya, duk abin da ya same ta a hanya na mai saye ne. Ina ganin ko wanda bai je wa malami da tambaya ba ya kamata ya tsaya ya auna dalilin wannan sharaɗi.

Ta gida fa? Babbar falalarta ita ce ana taka ta. Ka zo da bakanikenka da sassafe tun injin na da sanyi, ya tayar da kansa, ya dubi hayaƙi, ya shiga ƙasanta da fitila. Ku hau kwalta wajen Tsarnawa a gwada kuloci, ku sauka kan burji a ji kukan ƙafafu, ku shiga rairayi a ja ƙaramin sandan da ke sa tayoyi huɗu aiki a ga ko tayoyi huɗun na ja da gaske. In ya fito ya share hannu ya ce, “Maigida, giyabos lafiya, amma kuloci ba zai kai damina ba,” ka san abin da za ka rage a farashi. Ban da haka, motar gida tana da tarihi a bakin mutane. An san wanda ya shigo da ita, an san garejin da take zuwa, an san ko ta taɓa faɗuwa a hanyar Tawa. Mai sayarwa kuma ba ya ɓacewa. Za ku haɗu a masallacin Juma'a, a wurin suna, a jana'iza, kunyar wannan haɗuwa tana hana wani abu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Motocin da suka fi dacewa da ƙasar nan sau da yawa ba a filin bakin teku suke ba, suna cikin ƙasa tuni. Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida ba turbo, da tsofaffin Prado da Hilux da Patrol da aka ƙera don kasuwar Afirka, su ne ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara da ma'aikatun gwamnati suka yi ta shigowa da su sababbi, suna sayarwa in sun tsufa. Injinsu ba ya tsoron ƙura kamar na Turai, fulawil ɗinsu dunƙule ne, bakaniken Badagishiri ma ya san cikinsu. Sun sha wuya, amma an gina su don ita.

Duk da haka ba zan rufe aibin ta gida ba, don yana da yawa. Kat-kat a nan ba a sayar da ita don marmari. Mai ita kan riƙe ta har sai ta fara cin aljihunsa, sannan ya kai ta wurin mai fenti. Hanyoyin da suka sa kake son ta su ne suka riga suka ci rabonsu a jikinta: shasi mai walda, ƙafafun da aka yi ta faci, wayoyin wuta da hannu goma suka taɓa, lagireton da ya sha ruwan rijiya har ya toshe. Wani ya zuba mai kauri don ya danne kukan inji na kwana biyu. Farashinta kuma ba ya sauka daidai da gajiyarta, tunda masu nema sun fi motocin yawa. Kusancin nan da na yaba ma yana da ɗaci. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da ya fito da aibin da aka ɓoye, amma wa zai mayar da mota ga surukin wansa, ko ga Alhajin da ya taɓa ranta masa kuɗin iri? Mutane da yawa sun haɗiye hasara don kada zumunci ya ɓaci. Da dilan Lome aƙalla ana iya faɗa a waya ba a ji nauyi ba.

Sakkwato tana tsakani: kusa ce, ƙasa da kilomita 100, amma wata ƙasa ce. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, mai sefa ya ga motocin can sun yi araha a idonsa, kuma ana iya zuwa da bakanike a dawo a yini. Sai dai kasuwar Najeriya ta Amurka ce, otomatik ta fi yawa, kuma cikin masu kyan gani akwai waɗanda aka sayo a gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka gyara. Lambar Najeriya kuma ba ta zama ta Nijar don an ƙetare iyaka. Takardar shiga ta ɗan lokaci ce, mai son zama da mota lafiya sai ya biya duwan a nan, ko da an taɓa biyan kwastan a can. Kafin komai a duba lambar shasi, baƙaƙe da alƙaluma 17, a jikin ƙarfe da kan takarda, a tabbata ba a taɓa ta da guduma ko walda ba. Motar sata ba ta da tambari a goshi, wanda aka kama da ita a shingen jandarma shi ke bayani.

In aka ce in zaɓa, ga mafi yawan masu nema a ƙasarmu ta gida zan nuna, ko da ta fi tsufa a ido. Dalilina shi ne hasarar ta gida ana iya auna ta kafin a biya, a cire ta daga farashi. Ta bakin teku sai bayan kuɗi ya tafi take bayyana, kuma a daidai wurin da ya fi tsada. Attajirin da ke sayen mota uku a shekara zai iya jure ɗaya ta ɓaci. Malamin makaranta da ya yi shekaru yana tari, ko manomin da ya haɗa kuɗin albasar bana da na bara, harbi ɗaya gare shi.

Wanda kuma zuciyarsa ke kan sabuwar shigowa, wadda ba ta taɓa hawa dutsen Adar ba, yana da hujja, kuma ba dole sai ya kai teku ba. Filayen motoci na Yamai suna karɓar irin waɗannan, kilomita 420 ne daga Ƙonni, tafiyar yini a motar Rimbo ko STM. Farashin ya fi na hoton Lome, gaskiya ne, amma bambancin kuɗin hanya ne da haɗarinta, wanda wani ya riga ya ɗauka. Kuɗin motar bakanike da abincinsa da kwanansa ba su kai farashin fulawil ɗaya ba. Ya je ya kwana, ya tayar da ita da sanyin safiya, ya fita da ita bayan gari, ya kira ka. Sai ya ce ta yi sannan kuɗi ya tashi daga Ƙonni.

In kuwa irin da ake so babu ita sai a Lome ko Kwatano, to a nemi dilan da ke da wakili sananne a Yamai ko Ƙonni, mutum mai gida da iyali, wanda za a iya zama da shi gaban shaidu. A rubuta lambar shasi da shekarar ƙira da irin injin, a rubuta cewa tayoyi huɗu na ja, a rubuta wanda hasarar hanya ke kansa. A nemi hoton ƙasan mota da na roban kuloci, da bidiyon da aka ɗauka ana tafiya ana canza giya daga ta ɗaya zuwa ta biyar. Kafin alƙawari ya zama kaɗan, kuma a ajiye shi hannun amintaccen da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Cikon kuɗin sai mota ta iso, bakanike ya taka ta. Dilolin da ke karɓar wannan sharaɗi sukan ɗora wani abu a kan farashi saboda jiran da za su yi, wannan ƙarin kuma halal ɗinsu ne.